Idon Surukina na Dama

Sana'ata sayen kashu ce, wanda mu a nan muke ce wa akaju. In lokacinsa ya wuce sai in koma kan waken suya da ƙwarar kaɗe. Ban gaji sana'ar ba. Da dakon buhu na fara a tashar mota ta Parakou, na koma yi wa wani awo, daga baya na sayi sikelin kaina. Yau ina da mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a Tourou, da manyan motoci biyu, da wata tsohuwar bashe, ƙaramar motar kaya mai rufin tamfol, da take shiga inda manyan ba sa iya shiga. Wannan rayuwa ta koya mini cewa in kaya suka ƙi motsi, akwai inda hanya ta toshe, kuma aikin ɗan kasuwa ne ya nemo wurin. Da wannan tunani na tunkari maganar idon surukina, na kuwa yi kusan wata biyu ina neman toshewar a inda ba ta.

Surukina, mahaifin matata, yana zaune a wani ƙauye bayan Djougou, inda ake barin kwalta a bi jar ƙasa. Asalinsu mutanen cikin gari ne, jikokin fataken goro, amma shi tun yana da ƙuruciya ya bar kasuwa ya kama gona. Gonar akajunsa ce ta fara kai ni ƙauyen, a can kuma na ga 'yarsa ta fari na aura. Mutum ne dogo, mai tsabta, mai ƙarancin magana. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa shiga zaurensa da takalmi ba, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba. In na durƙusa na gaishe shi sai ya ce, "Mutanen Parakou, kun zo lafiya?" ko da ni kaɗai ne. 'Yar tasa ma ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "waccan ta wajenku".

Yanar ido ce ta fara rufe masa idanu a hankali. Da fari ya daina iya karatun Alƙur'ani sai da rana tsaka, daga baya ya koma gane mutane da murya. Sai wani mutum ya zo ƙauyen, irin masu yawo kasuwa-kasuwa da jakar fata suna cewa suna cire yana. Allura yake sawa ta gefen ido ya tura yanar ta faɗa ciki. Ya yi wa surukina idon hagu a tsakar gidansa, kan tabarma, ban ji labari ba sai bayan an gama. Ya yi 'yan kwanaki yana ganin haske da giftawar mutane, kowa ya ɗauka an dace. Daga nan ciwo ya taso, idon ya yi ja ya kumbura, da kumburin ya sauka sai idon ya mutu gaba ɗaya. Ya rage na dama, shi ma yanar ta rufe shi ruf. Sai da ta kai an ɗaura masa igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa bayan gida, yana bin ta da hannu.

A shekarar da nake magana a kai, ana tsakiyar sayen akaju, na haɗu da wata ma'aikaciyar asibitin ido a ɗaya daga cikin ƙauyukan da nake awo. Mace ce ƙarama mai babbar murya, tana yawo a kan babur da jakar kayan aiki a bayanta. Ta zauna a gindin mangwaro tana haska idanun tsofaffi da 'yar fitila. Na jira ta gama, na roƙe ta ta biyo ni ƙauyen surukina. Ta duba shi a zaure, ta sa ya nuna mata inda hasken yake fitowa, ya nuna daidai sau huɗu. Da muka fito ta ce mini, rabi da Faransanci rabi da harshen Dendi:

"Alhaji, na hagu an kashe shi, babu abin da za mu yi. Amma na dama yana ce kawai, bayanta lafiya lau. Aikin ba ya cin rabin awa. In ka kawo shi Parakou, washegari zai gan ka."

Na ce, "Madam, ki ɗauka an kawo shi."

Ta yi dariya ta buɗe jakarta, ta nuna mini ƙunshin takardu. Ta ce duk na mutanen da ta rubuta wa ranar zuwa ne ba su zo ba. An rage musu kuɗin aikin har ya zama ba komai, an yi shela a rediyo, an yi a masallaci. "Tsoro ne," in ji ta. "Suna jin an ce aiki sai su ga kamar za a cire idon a ajiye a faranti."

Ni kuwa na ce a raina, tsoro da kuɗi, duka biyun na san maganinsu. Na koma Parakou na sa mai gini ya tayar da sabon ɗaki a cikin gidana a Zongo, jikin namu, da makewayi a ciki don kada tsoho ya sha wahalar fita. Na sa fanka, na sayi gado da katifa mai tauri irin wadda manya suke so. Matata tana kallon ginin yana tashi. Sau ɗaya kawai, ranar da ake shafa fenti, ta ce, "Alhaji, da ka bari tukuna." Na ce mata mahaifinki ne fa. Ta sunkuyar da kai ta koma madafa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na isa ƙauyen. Dattawa suna zaune a zauren surukina. Na durƙusa na gaisa, sannan na zuba bayani kamar mai tallar kaya. Na ce babu abin tsoro, ba a ma sa mutum barci, allura ɗaya ce a kashe zafin wurin. Na ce duk abin da za a kashe yana wuyana. Na ƙara da abin da nake ganin shi ne babban makamina:

"Baba, an gina muku ɗaki a gidana, bango ɗaya da namu. 'Yarku da kanta za ta yi jinyarku, ita za ta kama hannunku, ita za ta ɗiga muku magani. Ba za ku rasa komai ba."

Wani dattijo ya shiga gyara hularsa, wani ya juya yana kallon waje. Surukina ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya ƙara buɗi. Bari mu ga yadda damina za ta kama."

Na koma sau uku. Kowane zuwa ina ƙara wa tayin nawa gishiri, kowane zuwa amsar tana ƙara gajarta. A zuwa na uku surukata ta tare ni a bayan rumbu, ta ce da ƙaramar murya mai allurar nan ya aiko. Yana zagayowa kowace shekara bayan an sayar da akaju, kuma nan da kasuwa biyu zai iso. Tsoho ya riga ya ce a ba shi idon dama.

Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba. Mutumin da ya kashe masa ido ɗaya, shi zai miƙa wa ɗayan, ni da na gina ɗaki yana ce mini sai an ga damina. Na hau bashe na nufi Djougou ban san abin da zan yi ba. Can na tuna da taubashinsa, wato ɗan ƙanwar mahaifinsa, wani tsoho mai sayar da goro a cikin kasuwa. Su biyun tun suna yara suke wasa, shi kaɗai ne a duniya yake iya zagin surukina a gaban jama'a a yi dariya. Na same shi a rumfarsa yana yayyafa wa goro ruwa yana sake naɗe shi a ganye. Na faɗa masa komai, har da fanka da katifa.

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya fashe da dariya har yana tari.

"Kai yanzu a gaban mutane ka ce masa ya zo ya kwana a gidanka?"

Na ce, "Ƙwarai, Baba."

"Bango ɗaya da ɗakin da kake kwana da 'yarsa? 'Yar fari? Ita za ta ja shi zuwa makewayi?" Ya tafa hannu ya kira maƙwabcinsa mai tabarmi. "Zo ka ga Alhajin Parakou, mai motoci uku, kan nan nasa babu komai sai ɓawon akaju."

Na ce, "Baba, na san kunya. Amma wannan lalura ce. Ciwo ai yana ɗauke kunya."

"A wajenku 'yan birni. Wancan tsohon banzan da ka gani, ya gwammace ya mutu yana lalube da a ce ya kwana ƙarƙashin rufin surukinsa yana cin tuwonsa. Ka ce tsoro yake ji? Mutumin da ya kwanta a tabarma aka soka masa allura a ido ba tare da an kashe zafi ba? Mai allura a gida yake samunsa, shi ya sa. Ya gama ya kwana a ɗakinsa."

Duk abin da ya faɗa na san shi tun ina yaro, amma na ajiye shi gefe saboda ina ganin alheri nake yi. Na tuna fuskar matata ranar fenti. Ta sani sarai, amma ta yaya za ta buɗe baki ta ce wa mijinta kada ya sauki ubanta?

Tsohon ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Ya ce a zamanin iyayensu, falke ba ya shiga gari sai yana da mai masauki. Mai masauki ba ɗan'uwa ba ne, ba suruki ba ne, aikinsa ke nan. Shi zai ba ka ɗaki da ruwa da abinci, shi zai kai ka kasuwa, ya tsaya tsakaninka da mutanen gari, ya fassara, ya hana a cuce ka. Ba ka jin nauyinsa don ba alfarma yake yi maka ba, haka aka gada. Kakanninsu in sun je Parakou, akwai gida ɗaya a Zongo da suke sauka, kuma jikan mai gidan yana nan da rai.

"Gidan mai zaure biyu, bayan tsohon masallaci?" na tambaya. Ina wucewa ta ƙofarsa kullum.

"Shi fa. Ɗakunan baƙi suna nan, awaki ne ke kwana a ciki."

Kafin in je wurin mai gidan, na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na bincika kasuwar. Kwana biyu na bi ƙauyukan da nake awo, na nemi tsofaffin da Madam ta rubuta wa takarda. Ban tambaye su ko suna jin tsoro ba. Tambaya ɗaya na riƙa yi: wa kake da shi a Parakou? Wasu suka ce ba kowa. Wasu suka ce 'yata tana aure a can. Wata tsohuwa ta ce ɗanta na fari yana can da matarsa a ɗaki ɗaya. Da mai cewa ba kowa da mai cewa 'yata, duk amsa ɗaya suka ba ni, babu inda za su sa haƙarƙarinsu. Asibitin ba ya riƙe mutum sai kwana ɗaya, alhali ana son ya zo a auna jininsa kafin aiki, ya kuma zauna kusa 'yan kwanaki bayan aiki a sake dubawa. Akwai masu tsoron da gaske, ban ce babu ba. Amma yawancinsu wurin kwana ne ya tsare su.

Mai gidan na Zongo dattijo ne mai ƙiba, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, na ambaci gidan su surukina na Djougou, sai ya miƙe zaune sosai.

"Baƙin kakana ne. Na ji sunan gidansu a bakin mahaifina. Yaushe za su iso?"

Na ce zan gyara ɗakunan, zan kawo shinkafa da doya da mai, matansa su dafa. Ya ce gyara na yarda, abinci ma ka kawo, amma ta ƙofar baya, kuma da zarar buhu ya shigo gidan nan nawa ne. Baƙona ba ya cin abincin wani. Na ce haka nake so. A kwana uku aka kori awaki, aka share, aka shafa farar ƙasa, aka shimfiɗa tabarmi. Ɗakuna biyu na maza, ɗaya na mata a cikin gida. Na kwashe katifar nan mai tauri daga gidana zan kai, mai gidan ya ce in mayar, tsoho zai shinshino kayan suruki.

Na tambayi taubashin ko surukina ba zai gane hannuna ne a ciki ba. Ya ce, "Zai gane mana, shi yaro ne? Kai dai kada ka faɗa, shi ma ba zai tambaya ba. Kuma in mun isa ƙauyen ka tsaya wajen mota, ka rufe wannan bakin naka."

Muka ɗauko shida daga cikin tsofaffin nan a bashe, muka isa ana saura kwana biyu kasuwar da mai allura zai zo. Na tsaya jikin bashe kamar yadda aka umarce ni, amma zauren ba shi da nisa, kuma taubashin ba ya iya magana a hankali.

"Salamu alaikum, ina makahon gidan nan?"

"Wa alaikumus salam. Wane ɓarawon goro ne wannan?"

"Ubangidanka ne. Tashi ka sa riga, Parakou za ni, ina neman mai riƙe mini jaka."

"Ka nemi sa'anka. Ni ba ni da abin yi a Parakou."

"Gidan mai zaure biyu zan sauka. Jikan mai gidan ya ce shekara nawa ba ku taka ba, ko kun yi fushi ne? Ya share ɗakin da kakanka yake kwana."

Sai na ji muryar surukina ta sauya. "Gidan yana nan?"

"Yana nan. Ga kuma wasu tsofaffi shida daga ƙauyukan nan, duk can za su sauka, za a duba musu ido. Ni ne madugu. In ka ga dama ka biyo ayari, in ka ga dama ka zauna wancan mahaucin ya zo ya ƙarasa ka, in gaje gonarka."

"Kai za ka gaji gonata? Kai da ba ka san gaban fartanya da bayanta ba?"

"To tashi ka tsare abinka."

Ba a yi rabin awa ba surukata ta fito da ƙullin kaya. Suka fito, taubashin yana gaba, surukina ya dafa kafaɗarsa. Aka sa surukina a gaba kusa da direba. Ni na hau bayan bashe tare da sauran tsofaffin, na zauna kan buhun gawayi tun daga can har Parakou. Bai tambayi motar wa ce ba. Da muka tsaya sallar azahar a hanya ya ji muryata, ya ce, "A'a, mutanen Parakou, ashe hanyarmu ɗaya." Na ce, "Eh Baba, dacewa aka yi."

Mai gidan ya tare su a ƙofa da babbar riga, ya sa aka kawo ruwa da fura, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar asalin kowa. Washegari shi ya shige gaba zuwa asibiti, takardunsu a hannunsa. Ya san tagar da ake fara zuwa, ya san inda ake auna jini, in ma'aikaci ya yi magana da sauri ya ce masa ya maimaita, baƙona bai ji ba. Madam ta fito ta ga mutum bakwai a jere kan benci, ta dube ni ta dube su.

"Alhaji, me ka ba su?"

Na ce, "Ɗaki, Madam."

Ba duka aka dace ba. Tsohuwar nan mai ɗa a ɗaki ɗaya, da likita ya duba sai ya ce ba yana ba ce kaɗai, jijiyar idon ta riga ta mutu, aiki ba zai dawo da komai ba. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta zauna a masaukin tare da sauran har aka gama, ita ke ba su labari. Wani dattijo kuma jininsa ya hau, aka ɗaga masa aiki sai bayan mako guda yana shan magani. Da a ce babu masauki, da ya koma ƙauye, kuma na san ba zai dawo ba.

An yi wa surukina aiki da hantsi. Na zauna a waje gindin wata bishiya, na kashe waya, abin da ban taɓa yi ba a lokacin ciniki. Ido ɗaya ne ya rage masa, kuma ni na raba shi da gidansa na kawo shi nan. In abin ya ɓaci, na san har in mutu za a ce surukinsa ne ya kai shi aka ƙarasa shi. Aka fito da shi da auduga da filasta a fuska, yana tafiya da ƙafarsa. Taubashin ya tambaye shi ko ya yi kuka. Ya ce ko cizon sauro bai kai ba.

Washegari da safe aka cire filastar. Ban shiga ba, na tsaya bakin taga ta waje inda nake hango su. Madam ta goge masa idon a hankali ta ce ya buɗe. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, hawaye na zuba. Ya ɗaga hannunsa ya juya shi gaba da baya. Sannan ya juya ya ƙura wa taubashin ido, ya daɗe yana kallonsa.

"La ilaha illallahu. Haka ka tsufa? Ina haƙoranka?"

Taubashin ya juya gefe. Ya ja hularsa ya rufe fuska. Mai gidan Zongo ya ɗaga hannu yana ta hamdala, sauran marasa lafiya da ke jiran layi suka kama kabbara, har wani ma'aikaci ya leƙo ya ce a rage murya. Ni na zagaya bayan ginin na kunna waya na kira matata. Na ce mata ya gani. Sai na ji tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya.

Da la'asar ta shirya su suka je gaishe shi a masauki, kamar yadda kowace 'ya za ta je gaida ubanta in ya sauka a gidan wani. Ta durƙusa daga bakin ƙofa. Bai dube ta kai tsaye ba, amma jikokin ya jawo su jikinsa ya riƙa juya fuskokinsu zuwa haske. Biyu daga cikinsu bai taɓa ganinsu ba sai ranar.

Tun daga shekarar abin ya zama al'ada. Da an rufe sayen akaju, kafin ruwa ya yanke hanyoyi, Madam takan ba ni jerin ƙauyukan da ta zagaya, bashe ta bi ta kwaso. Muna sake yi bayan an gama girbi. Wasu 'yan kasuwa biyu da muke sayen kaya tare suka shigo, ɗaya da motarsa, ɗaya da buhunan masara. Wani gida a cikin Djougou, su ma jikokin masu saukar fatake, suka buɗe zaurensu, yanzu can ake tara mutane a duba su a tace kafin a taho, ba a ɗauko wanda aiki ba zai amfana ba a wahalar da shi. Mai allura ya zo ƙauyen surukina a shekarar, ya kwana ɗaya ya wuce. An ce mini yanzu ya daina biyowa ta wannan yanki.

A wancan zuwa na farko, kwana goma su surukina suka yi a Zongo, aka sake dubawa, aka ba kowa kwalbar maganin ɗigawa da baƙin tabarau, aka ce kada su shiga hayaƙi, kada su sunkuya su ɗauki abu mai nauyi. Muka kama hanyar komawa. Muna sauke mutane ƙauye-ƙauye har ya rage surukina da taubashinsa da ni. Da muka kai inda ake hango rufin ƙauyensu, sai na ji bashe ta tsaya. Na leƙo. Surukina ya buɗe ƙofa ya sauka, ya gyara rigarsa, ya gyara tabarau. Na yi tsalle na sauko zan kama shi, taubashin ya riƙe mini riga.

Ya kama hanya shi kaɗai. Da fari yana ɗaga ƙafa sama-sama kamar mai tsallake ruwa, daga baya tafiyar ta daidaita. Akwai wani rami da ruwan bara ya ci a tsakiyar hanya, ya kauce masa ta dama bai ko rage sauri ba. Wasu mata suna dawowa daga rijiya da robobi a ka suka tsaya cak. Kafin su buɗe baki ya kira ta farko da sunanta, ya kira ta biyu, ya tambayi ta uku 'yar wa ce. Ɗaya ta sauke robarta a ƙasa ta ruga cikin gari tana guɗa.

Taubashin ya leƙo daga bayan bashe yana ihu, "Kai tsohon banza, jira mu mana! Wa ya kai ka?"

Ko waiwayowa bai yi ba. Direba ya dube ni ya ce, "Alhaji, in wuce shi mu jira a ƙofar gida?"

Na ce, "A'a. Bi bayansa a hankali."

Haka muka shiga ƙauyen, yana gaba, mutane suna fitowa daga gidaje, mu muna biye da giya ta ɗaya.